Kowa na nemana, ba mai ganina

Yaya, barka da aiki. Na daɗe ina karanta amsoshin da kike ba mutane, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan rubuto ba, don a idon jama'a ba ni da wata matsala. Shekarata 49, na yi shekara 26 da aure, 'ya'yana huɗu. Babbar tana ɗakin mijinta, biyu suna jami'a, autan shekararsa 15. Ina aikin ofis. Mahaifiyata da ciwon ƙafa ya zaunar tana wurina, domin 'yan'uwana maza sun ce ni ce mace, na fi su iya lallaɓa ta. Maigidana ba mugu ba ne, ba ya zagi, ba ya hana ni komai.

Watan jiya zazzaɓi ya kayar da ni kwana uku. Ranar farko maigidan ya leƙo ɗaki ya tambaye ni inda na ajiye takardar kuɗin wuta, na faɗa masa, ya ja ƙofa. Autan ya shigo yana ƙunƙuni wai ba a wanke masa kayan makaranta ba. Babbar ta kira, ta yi kusan rabin awa tana zayyana min damuwarta, muryata a shaƙe amma ko "Mama lafiya?" ba ta ce ba. A wurin aiki kuwa, yarinyar da na koya wa aikin da hannuna ita ake kira taro yanzu. In na kawo shawara a wuce, wani ya maimaita ta a yaba masa. Kwanan baya na zauna ina duba hotunan wayata, na shekara biyu cur, kowa na ciki ban da ni, don kullum ni ce mai ɗauka. Barci ya ƙaurace min, zafi na taso min da tsakar dare, abu kaɗan sai hawaye. In na buɗe baki a ce tsufa ne ya fara taɓa ni, ko a ce in gode wa Allah. Wallahi ina gode masa. Amma wani lokaci sai in ji kamar in ɗau jakata in ɓace wata guda, in ga ko za a lura. Yaya, butulci nake yi?

Ƙanwarki da aka manta da ita

Ƙanwata, sannu. Da ita zan fara tunda ita aka hana ki kwana uku. Sannu da jiki, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara sauƙi.

Ba butulci kike yi ba. Mutum na iya gode wa Allah da zuciya ɗaya a kan gida da 'ya'ya da abin yi, kuma ya gaji liƙis, kuma ya ji zafi in an taka shi. Masu ce miki "ki gode wa Allah" duk sa'ad da kika buɗe baki, sau da yawa ƙofar zancen kawai suke rufewa, don sun san in aka bar ta a buɗe wani nauyi zai faɗo kansu. Ki riƙe godiyarki, tsakaninki da Ubangijinki ce. Maganar da ke tsakaninki da mutanen gidanki daban take, kuma ita za mu yi yau.

Na karanta wasiƙarki sau uku, kowane karo a takardar wutar nan nake tsayawa. Ki dubi abin da ya faru da idon wani. Mutum ya shigo ɗakin da matarsa ke kwance, ya yi tambaya, ya samu amsa daidai, ya fita. Ke kuma, jiki na rawar sanyi, kin san aljihun teburin da takardar take. To me ya gani? Ya ga komai na tafiya yadda ya saba. Masu iya magana sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ni zan ƙara da cewa aikin da bai taɓa tsayawa ba ya fi kowane aiki saurin ɓacewa daga ido. Ba mai tuna famfo ranar da ruwa ke zuwa.

Ɗauki kayan makarantar autanki. Shi a saninsa, ran Litinin da safe riga na rataye, a wanke a goge. Bai san tun ran Alhamis kika lura sabulu ya kusa ƙarewa kika saka shi a lissafin cefane ba. Bai san ran Asabar kin ɗaga kai kin ga hadari kin ce a yi wankin da wuri ba, ko cewa kin ga maɓalli ɗaya na lilo kin ɗinke shi waya na maƙale a kafaɗarki kina magana da likitan kakarsa, ko cewa tun watan jiya kin hango wandon ya fara ɗangalewa kin shiga tunanin na gaba. Wankin shi ne ƙarami a ciki. Babban aikin a ka ake yinsa, kuma kai ba ya tashi daga aiki. Wata mai bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, Allison Daminger, ta zauna da ma'aurata daga gidaje 35 tana tambayarsu yadda suke tafiyar da gida, ta fitar da sakamakon a 2019. Ta kasa wannan aikin na ƙwaƙwalwa kashi huɗu: hango buƙata tun ba ta iso ba, nemo hanyoyin biyanta, yanke shawara, sai bibiya a ga an yi. Ta tarar wurin yanke shawara ne maza suka fi shigowa, hangowa da bibiya kuwa galibi a kan mata suke. Shi ya sa namiji zai rantse da gaskiyarsa cewa komai tare kuke yi, ai ana tambayarsa "wannan ko wancan?" yana zaɓa. Bai ga daren da aka kwana ana tace goma su koma biyu ba.

Kuma kada ki ɗauka gidanki ne kaɗai. A rahoton da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2018, mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da yara da tsofaffi da marasa lafiya wanda ba a biyan kowa a kai. Mace na ba shi awa 4 da minti 25 a rana a matsakaici, namiji awa 1 da minti 23. Wannan ma abin da agogo ke iya aunawa ne, lissafin sabulun ran Alhamis ba ya ciki.

Yanzu ki yi haƙuri in faɗi wadda ba za ta yi miki daɗi ba, don ni ma da aka faɗa min ban ji daɗi ba. Da hannunki a ciki. Ba laifi nake ɗora miki ba, abin da aka koya mana ke nan, cewa mace ta gari ita ce wadda ba a jin kukanta. Amma shekara 26 kina toshe kowace ɓaraka tun kafin wani ya gan ta, har kin koya wa mutum biyar cewa abubuwa da kansu suke faruwa. Kuma na tabbata, ko da ba ki rubuta ba, a rana ta huɗu kin miƙe jiri na ɗibarki kin wanke kayan nan. Ya aka yi na sani? Na yi irinta. Ina da shekara 47 na yi wata biyu ina fushi da mutanen gidana ba wanda ya sani. In dire kofi da ƙarfi, in amsa magana da "to" mai sanyi, in ja dogon numfashi in na gifta ta gabansu, ina jiran wani ya ce me ya faru. Ranar da abin ya fashe na zazzage komai ina kuka, maigidana ya tsaya yana kallona baki buɗe, ya ce shi duk zatonsa ciwon kai ke damuna, har ya sayo magani ya ajiye min a kan firij tun makon jiya, ban gani ba? Na rasa abin yi, in shaƙe shi ko in yi dariya. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa, haka ne. Sai dai wanda kurciya ke kuka a tagarsa kowace safiya, kunnensa ya daɗe da daina ji. Na kusa da ke shi ya fi buƙatar a faɗa masa da baki, dalla-dalla.

Na san abin da zuciyarki ke cewa: in har sai na roƙa, me ye amfaninta? Sannun da aka roƙa ai ba sannu ba ce. Na fahimta, kuma akwai gaskiya a ciki, ta farkon za ta zo miki salam ba armashi. Amma abin da aka fara da tuni, in aka daɗe ana yi, hali yake komawa. Ke ma ba a haife ki da sanin ranar da sabulu zai ƙare ba, koya kika yi don nauyin a wuyanki yake. In ba haka ba sai dai ki ƙara wata shekara 26 kina jira.

Batun ɗaukar jaka kuwa, ba zan ce tunanin banza ba ne, don matan ƙasa guda sun taɓa yin mai kama da shi. Ranar Juma'a 24 ga Oktoban 1975, kusan kashi 90 cikin 100 na matan ƙasar Aisalan da ke arewacin Turai suka ajiye aiki, na waje da na gida. Ba girki, ba raino, ba zuwa ofis ko masana'anta. Makarantu da gidajen raino suka rufe, maza suka kwashi yara suka tafi da su wuraren aikinsu, har suka laƙaba wa ranar suna "doguwar Juma'a". Shekara na zagayowa majalisar ƙasar ta yi dokar daidaita haƙƙin maza da mata, a 1980 kuma aka zaɓi Vigdís Finnbogadóttir shugabar ƙasa, ta yi shekara 16 a kan kujera. To amma ki duba yadda suka yi. Sun sanar tun da wuri, sun sa rana, sun faɗi dalili, washegari kuma kowa ta koma bakin aikinta. Ɓacewar da kike tunani jarrabawa ce za ki ba mutanen da ba su san ana jarrabawa ba. Za su lura, wannan babu shakka, amma abin da za su lura da shi shi ne babu girki, babu wanki, babu mai ba mahaifiyarki magani a kan lokaci. Ki dawo a yi ta murna ki ɗauka ke aka yi kewa, bayan mako biyu ki gane hannuwanki aka yi kewa. Zancen kuma ya koma "me ya same ta?" ba wanda zai ce "me muka yi mata?" In hutu kike so, kuma wallahi kina buƙatarsa, ki ɗauke shi da rana tsaka. Ku yi maganar da maigida, ki ce ranar kaza za ki je wurin 'yar'uwarki kwana uku, ga wanda zai kula da mahaifiyarki. Kada ki kwana biyu kina girke-girken da za ki cika musu firij kafin ki tafi, in kin yi haka kin biya kuɗin hutun tun kafin ki huta.

Kafin nan dai, maigida. Ki zaɓi lokacin da ba rigima, ba ya shirin fita, yara ba sa kusa. Kada ki ɗauko tarihin shekara 26, zai fara kare kansa tun daga shekarar farko, har dare ya raba ba ku iso yau ba. Abu ɗaya za ki ɗauka, na kwanan nan, wanda ba zai iya musawa ba. Ki ce masa, "Ranar da nake kwance ka shigo ka tambaye ni takardar wuta, ka fita ba ka ce min sannu ba. Abin na nan tsaye a raina har yau. Ji na yi kamar ni ma'ajiya ce a gidan nan." Sai ki yi shiru. Shirun nan ya fi maganar wuya, don za ki ji bakinki na ƙaiƙayin cewa "amma na san kana ƙoƙari", ki koma lallashin wanda ya kamata ya lallashe ki. Ki danne. Wataƙila ya ce bai tuna ba, ko ya ce ai kin san matsayinki a wurinsa, ko ya ɓata rai. Ki ce, "Na sani, shi ya sa kai nake faɗa wa."

Bayan nan sai buƙata, kuma a nan yawancinmu ke zamewa. Kada ki ce "a riƙa taimaka min". Wanda ya taimake ki aron hannu ya ba ki, aikin na nan a naki, ke za ki ci gaba da hangowa da tunatarwa da godiya a kai. Ki miƙa aiki sukutum, da kansa da ƙafarsa. Takardun wuta da ruwa da kuɗin makaranta daga yau na maigida ne, har da sanin ranar biya da inda ake ajiye rasit. In ya tambaye ki, ki ce "ai yanzu kai za a tambaya". Wankin autan nasa ne. Yaron da ya kai 15, wanda ya fi ki sanin lungu da saƙon waya, ba bokiti da dutsen guga ne za su gagare shi ba. Ki nuna masa sau ɗaya, ki cire hannu.

Sai ki shirya, don za a yi ɓarna. Wata rana za a yanke wuta saboda an manta. Yaron zai tafi makaranta da riga a yamutse, wataƙila ma da damshinta, wata kuma za ta kalle shi ta ce uwarsa ba ta kula. Wannan kallon kike tsoro tun asali, shi ya tashe ki daga shimfiɗar jinya. Amma ranar da kika miƙe kika gyara, kin karɓe aikin kin mayar wuyanki, kuma kin tabbatar musu cewa in suka ɗan yi jinkiri za ki yi. Ni sai da na riƙa shigewa ɗaki ina rufo ƙofa don kada idona ya gani. An ɗauki kusan wata biyu kafin abin ya zauna, kuma har yau ba a ninke kaya yadda nake so. Na haƙura da ninkin.

Ta 'yarki mai sauƙi ce. Ta saba da ke a matsayin wurin sauke kaya, ba ta taɓa kawowa a ranta cewa kina da naki ba, don ba ki taɓa nuna mata ba. In ta sake kira ki saurare ta, in ta gama ki ce, "To ni ma bari in ba ki nawa." Ki ba ta na gaske, kada ki tsaya a "lafiya lau". Ta girma, matar aure ce, nan da shekara ashirin da 'yan kai tana inda kike. Sau da yawa ita ce ke fara juyowa.

'Yan'uwanki maza su na fi jin haushi. "Ke ce mace, kin fi iya lallaɓa ta" yabo ne da aka ƙunso kaya a cikinsa. Tun 1981 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Amurka, Dorothy Miller, ta yi rubutu a kan mutanen da suka matsu a tsakiya, 'ya'ya na ja ta nan, iyayen da suka tsufa na ja ta can, ga shi ke har da aikin ofis a sama. Uwa ta kowa ce, ladan da suke cewa kina kwasa kuma ai bai kamata ki cinye ke kaɗai ba, a sam musu. Ki zauna ki rubuta abin da kula da ita ke ci a wata: magani, zuwa asibiti, sau nawa kike tashi da dare, ranakun aiki nawa kika rasa. Ki tara su ki ajiye takardar a gabansu, a fita da sunaye. Wane zai riƙa kai ta ganin likita, wane zai biya mai taya jinya kwana biyu a mako, wane zai zo ya kwana da ita ƙarshen wata. Wanda ya ce ba shi da lokaci yana da aljihu, wanda ya ce ba shi da kuɗi yana da ƙafa. Abu ɗaya nake roƙo, kada a yi zaman nan inda Mama za ta ji, kada ta kwana tana ganin ta zame muku kaya.

Yanzu jikinki. Rashin barci, zafin da ke tasowa da dare, hawaye a kusa, a shekara 49 abu na farko da zan zata shi ne jikinki ya kama hanyar ɗaukewar al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata na kaiwa wannan mataki tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana cewa ta ɗauke ne idan aka yi wata 12 a jere ba a gan ta ba. Amma sauyin na farawa shekaru kafin nan, lokacin da sinadarin jikin mace da ake kira istirojin ke hawa da sauka kafin ya ja baya, shi ke kawo zafin da gumin dare da mantuwa da saurin hasala. Ki je asibiti ki faɗa wa likita duka, har waɗanda kike jin nauyin faɗa. Akwai magani, har da na mayar wa jiki sinadarin, likita ne zai duba tarihin lafiyarki ya ce ya dace da ke ko bai dace ba. Ki nemi a duba jininki da hawan jini da suga da tayirod, wato wata 'yar gaɓa a wuya mai daidaita kuzarin jiki, don ƙarancin jini da matsalar tayirod na kawo gajiya mai kama da wannan. In kuma kika ga kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum zuciya a cunkushe, abubuwan da kike so a da sun daina burge ki, ko tunanin "in ɓace" ya fara komawa "gara ba na raye", to alamun ciwon damuwa ke nan. Kada ki jira, a ranar ki faɗa wa likita da wani da kika yarda da shi.

Sai dai kada ki bari a mayar da wannan bayanin sanda a doke ki da ita. Da zarar an ji za a ce "ashe shi ya sa", a tattara duk ƙorafinki a jingina wa shekaru. Sauyin jiki na iya ƙara wa ciwo raɗaɗi, amma ba shi ya leƙo ɗaki ya tambayi takardar wuta ba. Wata ƙawata takan ce shekarun nan ba su kawo mata fushi ba, haƙurin ƙarya kawai suka ɗauke mata.

A wurin aiki ma ba idonki ke miki gizo ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 a kan wariyar shekaru ya nuna mutum ɗaya cikin biyu a duniya na ɗauke da ra'ayin raina waɗanda suka manyanta, mace kuwa biyu take haɗawa, ga shekaru ga zama mace. Zukatan mutane ba a hannunki suke ba, amma sunanki a kan aikinki a hannunki yake. Shawara mai muhimmanci ki tura ta a rubuce kafin taro. In wani ya maimaita taki, ki ce da fara'arki, "Na gode da ka goyi bayan abin da na kawo ɗazu, bari in ƙarasa." Ki samu shugabanki ki tambaye shi kai tsaye dalilin da aka daina kiranki, da abin da ake buƙata a mayar da ke. Ki kuma rage karɓar ayyukan uwar ofis, haɗa gudummawa da sasanta masu faɗa da shirya liyafa, irin waɗanda ake gode wa mutum a kai amma ba a ƙara masa girma saboda su. Yarinyar da kika koya wa aikin kuwa kada ki riƙe ta a rai, ba ita ta tsara abin ba, kuma layin da kike kai ita ma tana kansa, a baya kawai take.

Akwai abin da na nema a wasiƙarki ban samu ba. Kin gaya min ke matar wane ce, uwar su wane, 'yar wance, ma'aikaciyar wani wuri. Ban ga abu ɗaya da kike so don kanki ba. Me kike yi kafin ki zama Mama? Wace ƙawa ce har yanzu take kiranki da ainihin sunanki, kuma yaushe rabonki da ita? Ina tambaya ne don ko gobe gidanki ya gyaru, kowa ya koyi cewa sannu, godiyarsu ba za ta cike wannan gurbin ba. Godiya a kan aiki ake yin ta, ke kuwa so kike a san ki, kuma da wuya a san mutumin da shi kansa ya daɗe bai leƙa kansa ba. Ki ware awa biyu a mako, rana sananniya da kowa zai haddace, ki kewaye su da katanga. Karatu ne, tattaki ne da ƙawaye, sana'ar hannun da kika jingine ce, ko zama kawai a inda ba mai cewa "Mama ina kaza?" Da farko za ki ji kamar sata kika yi. Ni ranar farko zama na yi a mota a gefen hanya, na rasa inda zan nufa, don na manta abin da nake so. Mako na gaba na tuna.

Masanin tattalin arziki David Blanchflower ya duba bayanan ƙasashe sama da 130 a 2020, ya tarar jin daɗin rayuwa na gangarowa a hankali daga ƙuruciya, ya kai ƙasa wajen shekara 47 zuwa 48, daga nan ya fara hawa. Matsakaici ne, ba alkawari ba, masana ma na ta ja-in-ja a kai. Amma ya yi daidai da abin da na gani a kaina da sa'o'ina, kusan dukanmu a tsakanin nan muka fi shan wuya, lokacin da kowa ke ja kuma jiki ya fara nasa ƙorafin.

Ba zan ce miki kowa zai juyo ba. Wani zai gane a zama ɗaya, wani sai ya kwana a duhu sau biyu, wani kuma zai ce kin canza, ya faɗe ta kamar zagi. Ki ce e, kin canza. In maigida ya toshe kunne bayan kin faɗa a fili sau biyu sau uku, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, ko mai ba ma'aurata shawara, ku zauna ku uku. Amma yadda kika siffanta shi, ina kyautata zaton irin nawa ne, mai ajiye magani a kan firij.

Taro na gaba da za a yi a gidanku, in aka ce "Mama zo ki ɗauke mu", ki miƙa wa autan wayar ki shiga tsakiya. In ya ɗauka kin rufe ido, ya sake. In kin ƙara rubuto min ina son jin abin da likita ya ce, da abin da maigida ya ce bayan shirun nan. Ki sa sunanki a ƙasa, ba zan buga shi ba, ni dai in san da wa nake magana.